Matar da Ke Rufe Intanet Ƙarfe Bakwai

Da Kuramochi Toshie ta rasu, 'yar ƙanwarta ta rubuto mini tana roƙon in aiko da 'yan layuka da za a karanta ranar addu'ar cika kwana arba'in da tara, yadda muka gada. Na zauna na rubuta abu mai daɗi, irin wanda aka saba: mace mai haƙuri, mai riƙon amana, uwa ga masu fasaha. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, sai dai na tsince gaskiyar da ba za ta taɓa ni ba. Wannan da nake rubutawa yanzu shi ne wanda ban aika ba.

'Yar manoma ce daga wani ƙauye a Ibaraki. Tana da shekara sha biyar aka loda 'yan ajinsu a jirgin ƙasa aka kawo su Tokyo aiki, kowa da ƙunshin kayansa a cinya. Ita ta faɗa gidan masu ɗinka littattafai a unguwar Kanda, ta yi shekara goma sha uku tana naɗe takarda. A saman benen gidan ne wani dattijo mai suna Hozumi ya buɗe zauren nuna zane, ɗaki guda, taku shida a tsaye, huɗu a kwance. Da ya tashi neman wanda zai zauna masa a bakin ƙofa, sai ya leƙa ƙasa ya tambayi wadda ba ta taɓa makara ba. Matakala goma sha huɗu ta hau, shi ke nan ta canja aiki. Ba ta yi aure ba. Tana zaune da ƙanwarta a Matsudo, kullum jirgi biyu zuwa, biyu komawa.

Zauren Hozumi na haya ne. Masu tasowa ke kama shi na mako guda, su rataye abinsu su jira duniya ta zo kallo. Ƙarfe sha ɗaya ake buɗewa, bakwai a rufe, Lahadi babu. Ita kuwa da rabin awa take riga lokaci. Ta share matakala, ta yayyafa ruwa a bakin ƙofar titi, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta zauna ta niƙa tawada a kan ɗan dutsenta. Littafin baƙi na buɗe a gabanta, buroshin rubutu a gefe. Duk wanda ya shigo, ko ruwan sama ne ya koro shi, sai ta sunkuyar da kai ta ce masa sannu da zuwa, ta miƙa masa buroshi ya rubuta sunansa, da adireshi in ya ga dama. Ran Asabar mai nuni ya tafi gida da littafinsa, ya bi masu adireshi da katin godiya ɗaya bayan ɗaya.

Mu 'yan lokacinmu mun raina zane da fenti. A wurinmu tunani shi ne aikin, abin da ido ke gani rakiya kawai ya yi. Wani ya kama ɗakin mako guda ya buga ƙusa ɗaya a bango. Wata ta jera kwalaben ruwa shida, ta ce kowace ruwan rana daban ne. Kuramochi-san, yadda muke kiranta don ladabi, ba ta taɓa cewa abu ya yi kyau ko bai yi ba. Ran Litinin dai takan tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Sensei, kafin in fara, wanne ne aiki, wanne ne shara?" Ba alamar wasa a fuskarta, shi ya sa har yau ban san ko zolayarmu take yi ba. Kowa sensei ne a bakinta, wato malam, ko jiya ya bar makaranta. Mu kuwa a bayan idonta Tsohuwar Ƙofa muke ce mata, tun ba ta kai hamsin ba.

Ni, Ebihara Shunsuke, na kama ɗakin a 1984, ina da shekara ashirin da huɗu. Abin da na nuna kati ne guda a bango, an rubuta nauyin iskar da ke cikin ɗakin. Iyakar aikin ke nan. Babana yana saƙa tabarmar tatami a Niigata, wasiƙarsa kullum ɗaya ce: ka dawo gida, bayana ya fara gajiya. Sai na yi wa kaina alkawari, in ba a sami mutum ashirin a littafin ba, zan tattara in koma. Ban gaya wa kowa ba sai ita, ita ma shayin da ta ba ni ne ya sa bakina ya sake. Da rana ina aiki a wata maɗaba'a, ba na samun zaman ɗakin. Ran Asabar na buɗe littafi, na ƙirga suna arba'in da uku. Goma sha biyu kaɗai suka bar adireshi, amma wa ya damu? Sunayen nan sai da na haddace su don yawan karantawa. Na rubuta wa babana cewa Tokyo ta karɓe ni. Bayan shekara uku ya rufe shagonsa.

A 1996 Hozumi ya rasu. Ɗansa ba ruwansa da ƙusa a bango, ya sa ginin a kasuwa, aka rasa mai saye. Ya ce mu yi abin da muka ga dama da ɗakin kafin a samu. A nan Nirasawa Kaoru ta shigo labarin. Ƙanwar wani abokina ce, tana aiki a ɗakin kwamfuta na wata jami'a, ga baki, ba ta iya ganin mutum yana hura hanci ta ƙyale shi. Ita ta ce don me za mu zauna jiran mutane su hau matakala, ga intanet ta zo. Ta kawo wata tsohuwar kwamfuta da ofishinsu ya yar, aka ja mana layin waya, ta ɗora ta a kan teburin shayi a tsakiyar ɗaki. Duk wanda ya nemi shafinmu, daga ko'ina yake, cikin wannan akwati mai launin toka yake shigowa.

Mu biyar muka sa aiki. Shafi ɗaya fari ne fat, duk wanda ya shigo sai baƙin ɗigo ɗaya ya ƙaru. Wani kuma ƙofa ce, ka danna ta kai ka wata ƙofar, har ɗari, ta ƙarshe ta mayar da kai ta farko. Nawa layi ɗaya ne da ke ce wa baƙo ya ɗauke idonsa daga kwamfuta ya ƙirga tagogin ɗakin da yake zaune. A lokacin hoto guda kan ci minti kafin ya gama saukowa, sai rashin abin gani da ake mana gori a kai ya zame mana alheri. Kuramochi-san kuwa ba wanda ya ce ta zo, ba kuma wanda ya ce ta dawo da makulli, sai ta ci gaba da zuwa.

Mako bai cika ba ƙorafi ya fara. Abokai suka ce in sun taso daga aiki sun nemi shafin, ba ya buɗuwa. Nirasawa ta ga dai kullum da yamma na'urar na mutuwa, ta ɗora laifin a kan tsoffin wayoyin wutar ginin. Sai wata Alhamis muna zaune a ɗakin muna gardama, agogo ya buga bakwai. Kuramochi-san ta wanke kofuna, ta rufe littafi, ta zo ta ɗan sunkuya wa kwamfutar, ta danna maɓalli. Kwamfutar ta mutu.

Nirasawa ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Na ɗaga murya a kan matar da ta ba ni shekara ashirin da biyu.

"Kuramochi-san, wa ya ce ki taɓa wannan? Duk amfaninsa shi ne ba ya rufewa!"

"Ka yi haƙuri, sensei. Ai bakwai ta yi."

"A nan ta yi. A wata ƙasar yanzu hantsi ne."

"To in sun shigo ba kowa fa? Wa zai ce musu sannu da zuwa?"

Na ce mata babu wasu baƙi, lambobi ne ke bi ta waya, kuma in ba ta gane ba ta bar wa waɗanda suka gane. Ta sunkuya ta ba da haƙuri sau uku. Washegari bakwai na yi ta sake kashewa.

Ina shirin karɓe makullin ke nan sai ga imel daga wata mai shirya nune-nune a Holan. Ta ce da safe kawai take samunmu, da hantsi ya yi sai ƙofa ta rufe a fuskarta, ta yi kwana biyar kafin ta gane lokaci ne da mu. Ta ce a duk intanet, inda kowa ke cika baki cewa ba ya barci, wuri ɗaya ta gani da ke gajiya ya tafi gida, kuma ba ta ga aikin da ya kai shi ba a shekarar. A ƙarshe ta tambaya: aikin wane ne?

Na karanta sau biyu, Nirasawa na tsaye a bayana. Na rubuta sunana. Har suna na raɗa masa, Lokutan Buɗewa, na cika shafi biyu da bayani mai manyan kalmomi. A ciki na ce akwai "wata dattijuwa" da ke buɗewa da rufewa da hannunta. Sunanta ban sa ba.

"Sannu da ƙoƙari, sensei," in ji Nirasawa. "Ka sha wuya wajen wannan tunani."

Na ce mata ai gane abu shi ma aiki ne. Ta ce haka ɓarawon keke ma yake cewa, shi ya fara gane ba a kulle ba.

Daga nan kaina ya kumbura. Mujallu suka fara kira, ana gayyata ta yin jawabi. Kuramochi-san dai ta ga na daina faɗa, ba ta tambayi dalili ba. Ita ta riga ta koyi abin da mu ba mu lura da shi ba. Duk sa'ad da wani ya shigo shafin, kwamfutar kan yi 'yar ƙara a cikinta kamar ana taunar gyaɗa, wata 'yar koriyar fitila ta ƙyafta. Da ta ji, sai ta sunkuyar da kai daga kujerarta ta ce sannu da zuwa, ta rubuta lokacin a littafi. Masu barin suna a shafin kuma, Nirasawa ta nuna mata inda za ta gani, sai ta kwafe su da buroshi, tana zana haruffan Turawa ɗaya-ɗaya. Ni malalaci ne, ban taɓa duba ƙididdigar na'ura ba. Ran Asabar nakan leƙo in ce nawa suka zo, ta gaya mini, in je in faɗa wa 'yan jarida. Na taɓa tarar da ita tana cin abincin rana, shinkafa da gasasshen kifi, ƙarar ta zo, ta ajiye tsinkayen ci, ta haɗiye da sauri, ta gaishe da akwati. Na ji wani abu a raina ranar, amma ban tsaya na duba mene ne ba.

A Janairun 1998 dusar ƙanƙara ta rufe Tokyo, jirage suka tsaya. Ranar kuwa ita ce alƙalan wata babbar gasa za su zauna a Osaka, inda ko ɗigo bai sauka ba, su duba aikina ƙarfe sha biyu. Makulli ɗaya ne, yana hannunta. Alƙalai suka nema, suka sake nema, suka wuce kan na gaba. Ita jirginta a Kita-Senju ya tsaya, sai ta sauka ta tako da ƙafa har Kanda. Ƙarfe uku ta iso. A shekara talatin da biyu wannan ce makararta ta farko. Da na iso wajen huɗu na tarar ta kunna na'ura, tana niƙa tawada, siket ɗinta a jiƙe har gwiwa. Ta miƙe ta ba ni haƙuri. Ban yi mata faɗa ba, da ma faɗan na yi. Shiru na yi mata, na kalli agogo, na juya na sauka. Ban tambaye ta ko ƙafarta ta yi sanyi ba.

Cikin makon na sa Nirasawa ta kwashe komai ta kai wani kamfani mai manyan na'urori da ba sa mutuwa. Ta saita shafin ya riƙa buɗe kansa sha ɗaya, ya rufe kansa bakwai, ya nuna hoton ƙofa a kulle. Ta yarda ne don tsohuwar kwamfutar da ma ta fara gazawa, amma ta kafa mini sharaɗi: ni zan gaya wa Kuramochi-san da bakina. Aka yanke layin ɗakin daga can ofishin waya. Akwatin na nan a kan teburin shayi, wayarsa a bango, in an kunna yana nuna shafukan da ke cikinsa kamar da, amma ba ya haɗe da kowa a duniya. Bayanin da ke cewa wata dattijuwa ke buɗewa da hannunta kuwa ban taɓa shi ba.

Na je zan gaya mata ran Asabar. Na hango ta daga kwana tana yayyafa ruwa a bakin ƙofa, sai na shige shagon taliya na ci abin da ba na jin yunwarsa. Na ce wa kaina tausayi ne: me za ta yi a Matsudo in ba ta zo nan ba? Wannan dalilin na gaya wa Nirasawa, shi na gaya wa matata. Ainihin dalilin shi ne masu ɗaukar hoto. Duk wanda ya zo hira da ni sai ya ce yana son ganin dattijuwar, ni kuma in kai shi Kanda ƙarfe bakwai saura, ya ɗauki hannunta a kan maɓalli. Ina bukatar hannun nan.

Sai Asabar ta biyu na hau. Na ƙudurta ba zan tambayi adadi ba. Ta zuba mini shayi, ta juyo littafin ya fuskance ni.

"Wannan makon da ɗan sauƙi, sensei, sanyi ne. Amma yau kaɗai mutum tara suka zo."

Na ce mata tara? Ta ce tara, uku ma sun bar suna. Na duba. Ga su nan da tawada sabuwa, biyu na gida, ɗaya na Bature. Na fara tsammanin na'urar ce ke ƙara ita kaɗai, amma ƙara ba ta barin suna. Na je gida na sa Nirasawa ta turo mini sunayen gaskiya daga kamfani, na gwada, ko ɗaya bai zo daidai ba. Sai na gane ƙirƙira take yi. Na Turawan daga tsoffin mujallun ɗakin ajiya take samo su, ta ɗauki rabin sunan wannan ta haɗa da rabin na wancan. Na ɗauka ta ga an daina zuwa kallon aikina ne, tana rufa mini asiri kada zuciyata ta karye. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, amma Asabar ta gaba na koma, ta ce goma sha ɗaya, na ce madalla.

Haka muka yi ta yi wata da watanni, ita tana mini ƙarya don ni, ni ma ina mata ƙarya don ni. Nirasawa ta ba ni wata ɗaya, ta ƙara mini wata, sannan ta ce za ta je ta faɗa da kanta. Na roƙe ta, na ce ranar da Kuramochi-san ta ji daga bakin wani, ranar ce za ta fi jin ciwo. A wannan kam gaskiya na faɗa, kuma na san yadda zan mori gaskiyar. Muna tsaye a tashar Ochanomizu ta ciro wata takarda ta rubuta lambobin sirrin shafin ta cusa mini a aljihu.

"Kai ka ce tunani ne aikin, ko? To wannan ne kaɗai tunanin da na tabbata naka ne. Ka sa masa hannu."

Ta shiga jirgi. Shekara shida ba ta ɗauki wayata ba.

Da kaka ta yi, wata Asabar ina duba littafin don in nuna ina dubawa, idona ya faɗa kan wani suna: Onuki Masaharu. Na san sunan nan. Na buɗe baya, ga Iitsuka Fumie, ga Someya Tokuji. Ban gama shayina ba na tafi gida, na sauko da littafina na 1984 daga saman kabad. Suna talatin da ɗaya ɗin nan marasa adireshi, duk suna cikin sabon littafin, ba wanda ya ɓace. Wani ta rubuta shi da hannu mai nauyi, wani siriri, wani a karkace irin na mai sauri. Sai bayan rasuwarta na ga hoton ajinsu na ƙauye, ga sunayen nan a rubuce a bayansa, su talatin da biyu har da ita. Ashe mutum goma sha biyu ne suka zo ganin nauyin iskata. Da ta bar littafin yadda yake, da yanzu ina Niigata ina saƙa tabarma, kuma ban da tabbacin duniya ta yi asara. Na zauna a daɓe da littafin a cinya har matata ta zo ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Wani zai ce ai daga ranar sai in ruga in gaya mata. Ban ruga ba. Abin ma ƙara nauyi ya yi, don yanzu na san wadda nake cuta.

A Maris na 1999 aka sami mai sayen ginin. Za a rushe shi. Asabar ta ƙarshe na shirya maganata tun daga gida, na yi ta maimaita ta a jirgi. Gajeruwa ce: baƙi suna zuwa, dubbai ne, ni na ɗauke ƙofar ban gaya miki ba. Na iso ƙarfe shida. Ta share ɗakin tas, ta wanke dutsen tawada, ta naɗe littattafan baƙi huɗu a cikin ƙyalle mai ruwan bula. Na ajiye kofina na buɗe baki, sai ta riga ni. Ta zame daga kujera ta durƙusa a daɓe, mace mai shekara sittin da ɗaya, ta kai goshinta dab da ƙasa.

"Sensei, kafin ka karɓi waɗannan, akwai abin da ya kamata ka sani. Biyu na ƙarshe ƙarya ne. Mako guda bayan ranar dusa na'urar nan ta yi shiru, ba ta ƙara magana ba. Wata goma sha huɗu, ko mutum ɗaya bai zo ba."

Na ce ta tashi. Ba ta ɗago ba.

"Sun zo sun tarar a rufe, suka gaya wa juna, suka daina. Ni na kore maka baƙi. Na rasa bakin gaya maka, sai na riƙa rubuta sunaye. Kai kuma ka yarda da ni, ka kai adadin jarida. Na sa ka yi ƙarya a gaban jama'a ba ka sani ba."

Ta ci gaba da magana. Ta ce tun daga ranar jirgin farko take hawa, ko za a sake yin dusa. Ta ce ta goge na'urar ciki da baya, ta canja mata wuri, ta daina cin abinci a gabanta. Har wurin bauta na unguwa take biyawa kowace Litinin ta yi addu'a baƙin su dawo. Ta ce ranar da na kalli agogo na sauka ban ce komai ba, ta san ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, amma duk da haka ban kore ta ba, ina ma kawo manyan mutane su ɗauke ta hoto.

Wata goma sha huɗu na ɗauka tausayina take ji. Ashe laifina ta ɗauka ta ɗora wa kanta, tana hawa jirgi biyu da shi kowace safiya. Maganata na nan a bakina, jimla uku ce kacal, da na faɗa da ta sauke kayan nan take. Amma in na faɗa za ta ɗago ta dube ni, kuma abin da za ta gani na riga na san shi. Muddin goshinta na ƙasa, ni ne wanda aka yi wa laifi. Na tsaya ina kallon furfurar ƙeyarta, sai na ji bakina yana magana.

"Tashi, Kuramochi-san. Ba komai. Ya wuce, na yafe."

Ta yi kuka, ta yi mini godiya. Da bakwai ta yi ta nemi izinina, ta sunkuya wa akwatin ta kashe shi. Ita ta kulle ƙofar, ta miƙa mini makulli da hannu biyu, a kan matakala ta ƙara tsayawa ta sake godiya.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan nan. Kowace sabuwar shekara katinta na zuwa daga Matsudo, da buroshi, kuma kowanne da layi ɗaya yake ƙarewa: ba ta manta da girman zuciyar da na nuna mata ba. Duka goma sha ɗayan na amsa su, da rubutu mai kyau, ina tambayar lafiyar gwiwarta.